Abin da na rufe da tawada, da abin da na bari



Daren Juma'ar da ta wuce muna zaune a majalisarmu bayan isha'i ana shan shayi, hira ta gangaro kan finafinai da tarbiyyar yara. Wani abokinmu ya kawo maganar nan da kowa ya saba ji: ai Turawa ba su san kunya ba, su komai 'yanci ne, abin da ransu ya so shi suke nunawa. Aka gyaɗa kai, ni ma na gyaɗa, don ba na son musu a kan tabarmar shayi. Amma da na koma gida maganar ta hana ni barci, saboda ni na taɓa yin aikin tace fim da hannuna, a nan garin Minna, ina ɗan shekara 13, kuma akwai abin da na gano daga baya wanda har yau yake ci mini rai.

Yayana yana da shagon hayar kaset a Limawa a farkon shekarun 2000. Yaran da suka taso da wayar hannu ba za su gane ba. Ɗaki ne ciki ɗaya, kanta uku cike da kaset ɗin bidiyo, ƙaramar talabijin a kan tebur, da littafin da ake rubuta sunan wanda ya ɗauka da ranar da zai dawo da shi. Na Hausa daga kasuwar Ƙofar Wambai ta Kano ake kawo su, lokacin Sangaya da Wasila suna tashe. Na Indiya da na Amurka da na 'yan Chana kuma ta hannun masu saro kaya daga Legas suke zuwa. Duk kayan da ya iso akan haɗo shi da fastoci, kuma fasta ita ce rabin ciniki. Yaya yakan ce kaset kurma ne, fasta ce ke kiran mutum daga tsallaken titi.

A shekarar 2000 gwamnatin marigayi Injiniya Abdulƙadir Kure ta ƙaddamar da shari'a a jihar Neja. Ba wani jami'in da ya taɓa zuwa shagonmu da takarda, gaskiya ɗaya ce. Abin da ya faru, wani dattijo da muke sallah masallaci ɗaya ya tsaya a ƙofar shagon wata rana bayan la'asar, ya daɗe yana kallon bango, sannan ya ja Yaya gefe ya ce masa, "Ɗana, ta nan matanmu ke wucewa kasuwa, ta nan yara ke wucewa Islamiyya. Ka duba bangon nan naka." Bai ƙara ko kalma ɗaya ba. Washegari Yaya ya sayo alƙalamin nan mai kaurin baki da baƙar tawada, irin wanda 'yan kasuwa ke rubutu da shi a jikin kwali, ya miƙa mini ya ce, "Daga yau aikinka ne."

Ƙa'idar ba ta da wuya. Duk macen da ke jikin fasta, daga wuya zuwa gwiwa kada a ga fata. 'Yan Indiya su suka fi ba ni aiki, saboda cikin nan da suke bari a waje tsakanin 'yar riga da sari. Na ɗinka wa jaruman Bombai riguna da tawada fiye da yadda telan layinmu ya ɗinka wa mata na gaske a shekarar. Har na ƙware. Nakan yi wa rigar hannu, in fitar mata da wuya mai kyau, wani lokaci in bar ɗan farin layi kamar ado. Idan mace da namiji sun matsu da juna, sai in ja baƙin gini a tsakaninsu. Dattijon nan ya sake wucewa bayan mako guda, ya duba, ya ce Allah ya yi albarka. Na ji daɗi har cikin raina, kuma ko yanzu ba na jin na yi laifi.

Abin da ban taɓa sa wa tawada ba shi ne bindiga. Ko sau ɗaya. Fastar Komando, wato Arnold Schwarzenegger, tana bakin ƙofa, gurneti rataye a ƙirji, fuska da zanen baƙi. Ta Rambo tana gefenta da ƙatuwar bindiga. Waɗannan su Yaya ke sawa a inda rana ke haskawa, don su ke kawo samari. Yaran Islamiyyar da aka ce mu kiyaye wa ido, a gaban waɗannan fastocin suke tsayawa da allunansu suna gardamar wane ne akta wane ne bos, da harsashi nawa bindigar ke ci. Babu dattijon da ya ce uffan. Ni ma ban ga abin cewa ba.

Shago ya mutu kamar yadda duk irinsa suka mutu. Faifan sidi ya kori kaset, masu tura fim a memori suka kori sidi. Ni na tafi karatu, na dawo na kama koyarwa. Amma halin kallon fasta bai sake ni ba, kuma da intanet ta wadata sai na shiga duba yadda ake tallar fim ɗaya a ƙasashe daban-daban. A nan na gane cewa mutanen da muke haɗawa a buhu ɗaya mu ce Turawa, su ma kowa da nasa alƙalamin tawadar, kuma ba wuri ɗaya suke shafawa ba.

Ga misali biyu, ku ajiye su gefe da gefe. A shekarar 2014 aka fitar da fastar wani fim na Amurka mai suna Sin City: A Dame to Kill For. Hoton jaruma Eva Green ne, 'yar Faransa, sanye da farar riga shara-shara, riƙe da ƙaramar bindiga. Ƙungiyar manyan kamfanonin fim ta Amurka, wadda a lokacin ake kira MPAA, ta ƙi amincewa da fastar. Dalili, ana hango jikinta ta cikin rigar. Aka koma aka ƙara wa rigar kauri da kwamfuta, aka amince. Bindigar tana nan a hannunta yadda take. Da na ga hotunan biyu, na farko da gyararren, wallahi dariya na yi ni kaɗai a ɗaki, domin aikina ne na Limawa sak, sai dai su nasu ya fi nawa tsabta.

Na biyu, a shekarar 2008 aka yi wani fim mai suna Wanted, da Angelina Jolie da James McAvoy. Fastocinsa na ɗauke da jaruman da bindigogi a hannu. A Birtaniya mutane suka kai ƙorafi gaban hukumar da ke sa ido kan tallace-tallace, ASA, ta duba ta ce fastocin suna ƙawata bindiga da tashin hankali, kada a sake liƙa su. Babu wanda ya damu da suturar Angelina. Ƙarfen da ke hannunta shi ne abin kunyar.

Ba haka kawai abin ya faɗo daga sama ba. Ranar 13 ga Maris 1996 wani mutum ya shiga makarantar firamare a garin Dunblane na Sikotland ya harbe yara 16 da malamarsu. A shekarar da ta biyo baya, 1997, Birtaniya ta haramta wa farar hula mallakar kusan duk ƙananan bindigogi. Mutanen da suka binne yara irin wannan binnewa, ba su son ganin bindiga tana ƙyalli a tashar mota. A Amurka kuwa, 'yancin riƙe makami yana cikin kundin tsarin mulki tun 1791, gyara na biyu, kusa da gyara na farko da ya ba da 'yancin faɗin albarkacin baki. Sun binne nasu yaran su ma, 20 a makarantar Sandy Hook kaɗai a Disambar 2012, amma ga da yawansu bindiga alama ce ta mutumin da gwamnati ba ta isa ta taka shi ba. Jikin mace ne ke tayar musu da hankali. A wasan ƙarshe na ƙwallon Amurka na 2004, rigar mawaƙiya Janet Jackson ta buɗe na abin da bai kai daƙiƙa ɗaya ba a talabijin, hukumar sadarwa ta ci tarar gidan CBS dala 550,000, aka yi shekaru ana shari'a kafin kotu ta soke tarar. Fim ɗin The King's Speech na 2010, wanda babu harbi babu tsiraici a ciki, labarin sarkin Ingila mai in'ina ne kawai, a Amurka aka ce ɗan ƙasa da shekara 17 ba zai shiga ba sai da babba, saboda wani wuri da sarkin ya jero ashar. A Ingila aka ba shi shaidar 'yan shekara 12.

Faransa nata daban ne. Hoton da zai sa a rufe shago a Kano a kuma ƙi shi a Amurka, su sukan liƙa shi a titi ba wanda ya ɗaga kai. Amma suna da doka tun 1991 da ta hana tallar taba, kuma a 2009 kamfanin da ke kula da allunan talla na jirgin ƙarƙashin ƙasa na Paris ya ƙi karɓar fastar fim ɗin Coco avant Chanel saboda jarumar tana riƙe da sigari. A shekarar dai, aka ɗauki hoton wani tsohon ɗan wasan barkwancinsu, Jacques Tati, wanda duk duniya ta san shi da lofe a baki, aka goge lofen aka maye gurbinsa da 'yar fanfan takarda irin ta wasan yara. Faransawa da kansu sun yi ta yi wa abin dariya. A Jamus kuma, lokacin da fim ɗin Inglourious Basterds ya fito a 2009, sai da aka cire tambarin 'yan Nazi daga fastocinsa, domin dokarsu ta hana baje wannan alama a bainar jama'a. A cikin fim ɗin an bar ta, a bango ne ba a yarda ba. Ba'amurke na iya ɗaukar tutar Nazi ya yi zagaye da ita a gari, doka ta kare shi. Bajamushe ya san abin da wannan tuta ta jawo wa kakanninsa da maƙwabtansu, shi ya sa a wurinsa hana ta yana cikin abin da ke tsare 'yancin kowa.

Kada wani ya ɗauka ina wanke mutanen Turai. A ƙarshen 2013, da aka kai 12 Years a Slave Italiya, fim a kan bautar da baƙar fata, sai aka buga fasta da ƙatuwar fuskar Brad Pitt, wanda fitowarsa a fim ɗin 'yan mintoci ce, aka maƙale jarumin gaske, Chiwetel Ejiofor, ɗan asalin Nijeriya, can ƙasa yana gudu. Sai da aka yi musu ca suka janye suka ba da haƙuri. Wannan ba doka ba ce ta sa su. Lissafin ɗan kasuwa ne a kan wace fuska ce ke sayar da tikiti.

Wurin da bambancin ya fi ba ni sha'awa shi ne a hannun wa alƙalamin yake. A Amurka ba gwamnati ce ke tace fim ba. A 1915 kotun ƙolinsu ta ce fim kasuwanci ne kawai, jihohi na iya tace shi. A 1952 ta sauya matsayi, a shari'ar wani fim na Italiya mai suna The Miracle da jihar New York ta hana saboda an ce ya taɓa addini, ta ce fim ma magana ce da tsarin mulki ya kare. Tsarin shekarun kallo da suke bi tun 1968 na ƙungiyar kamfanoni ne, kuma a takarda ba dole ba ne. Sai dai in ka ƙi kai fim ɗinka, ko aka ba ka shaidar manya zalla, gidajen sinima da yawa ba za su haska shi ba. Ba wanda zai ɗaure ka, jarinka ne zai narke. Ba'amurke zai ce maka wannan shi ne 'yanci, tunda babu ɗan sanda a ciki.

A Faransa ministan al'adu ne ke ba kowane fim izinin fita, kuma ba su ganin hakan a matsayin tauye haƙƙi. Gwamnati na cire kusan kashi 11 cikin 100 na kuɗin kowane tikitin sinima, har da na finafinan Amurka, ta zuba a asusun tallafa wa masu shirya fim na gida. Abin da ya fi ba ni mamaki, har zuwa 2020 doka ta hana tallar finafinan sinima a talabijin ɗinsu. Hujjar ita ce in aka buɗe ƙofar, mai kuɗin sayen lokaci shi kaɗai za a ji, wato Hollywood, ƙaramin mai fim ya nutse. Ba'amurke na tsoron gwamnati ta rufe masa baki. Bafaranshe na tsoron mai kuɗi ya cika kasuwa da ihu har a daina jin kowa, sai ya kira gwamnati ta shiga tsakani. Dukansu biyu da sunan 'yanci suke rantsuwa.

Mu a arewa mun ɗanɗana duka biyun, har da na uku. Kano ta kafa hukumar tace finafinai a 2001. Bayan abin da ya faru a masana'antar a 2007, aka naɗa Malam Abubakar Rabo Abdulkarim shugabanta, aka shiga kame. An ɗaure Adam A. Zango a 2007 a kan kundin waƙoƙinsa na bidiyo, an ɗaure Hamisu Lamiɗo Iyantama a ƙarshen 2008 a kan fim ɗin Tsintsiya. Wannan hannun gwamnati ke nan, kuma ya fi na Faransa nauyi nesa ba kusa ba, don su izini suke bayarwa da tallafi, ba gidan yari ba. A Oktoban 2016 kuma ƙungiyar masu shirya fim, MOPPAN, ta kori Rahama Sadau daga Kannywood saboda bidiyon waƙar da ta fito a ciki da ClassiQ. Ba kotu, ba ɗan sanda, 'yan sana'a ne suka rufe ƙofa, irin ta Amurka. Na ukun shi ne dattijon da ya tsaya a ƙofar shagonmu, wanda ba shi da ofis ba shi da hatimi, amma maganarsa ta fi ta hukuma saurin aiki. A duk manyan rigingimun nan da na tuna, magana a kan rawa ce, da sutura, da taɓa jiki. Ban tuna ranar da gari ya ɗauka don an nuna bindiga ba. Ta wannan fuskar, mu da Amurkawan da muke zagi a majalisa layinmu ɗaya.

Da a nan abin ya tsaya, da labarin nishaɗi ne kawai na kawo muku. Abin da ya sa na zauna rubutu ya faru ne a 2021.

Ba sai na tuna wa kowa wannan shekara ba. Ranar 17 ga Fabrairu aka kwashe ɗalibai da malamai a kwalejin kimiyya ta Kagara, aka kashe ɗalibi ɗaya. A Afrilu mutanen ƙauyukan Shiroro da Munya suka cika makarantar firamare ta IBB a nan cikin Minna, har gwamna Abubakar Sani Bello ya je can ya faɗa da bakinsa cewa an kafa tuta a Kaure. Ranar 30 ga Mayu aka kwashe yaran Islamiyyar Salihu Tanko a Tegina, sama da 100, wasunsu ba su kai shekara 7 ba, suka yi kusan wata uku a daji. A cikin wannan rikicin wata ƙanwar mahaifiyarmu da ke aure a yankin Rafi ta gudo gidanmu da jikokinta uku. Babban cikinsu yaro ne ɗan shekara 9. Ba ya magana sosai, ba ya cin abinci sai an matsa. Inna ta ce tun daren da aka shiga ƙauyensu yake haka, kuma ba ta faɗa mana abin da ya gani ba, mu ma ba mu tambaya ba.

Wata Asabar na ce bari in fita da shi ya sha iska, zan je gyaran waya in saya masa takalmi a kasuwar Kure. Muna tafe hannunsa cikin nawa, muka zo wucewa ta gaban shagon masu tura finafinai. Irin shagonmu ne na da, sai dai kwamfuta ta maye kanta, kuma fastocin yanzu na leda ne manya. Wata babba a bakin ƙofa, ta fim ɗin Indiya mai fassarar Hausa, jarumin ya ɗaure kai da ƙyalle, ya saɓa irin bindigar nan mai lanƙwasasshen gidan harsashi. Lasifika na ta aman ƙarar harbi don jan masu wucewa. Sai na ji hannun yaron ya sandare. Ya tsaya cak. Na duba, wandonsa ya jiƙe, fitsari na bin ƙafarsa har cikin silifas. Bai yi kuka ba. Idonsa na kan fastar.

Na ɗauke shi na tsallaka titi, na zaunar da shi a bencin wata mai sayar da kunu, ta taimaka da ruwa. Da na waiga don in ga abin da ya gani sosai, sai na lura da wani abu. A gefen jarumin akwai mace, kuma wani ya bi kafaɗarta da cikinta ya liƙe da baƙin salatif, a tsanake, layi a kan layi. Wato akwai wani yaro a shagon nan da aka ba aikina, kuma ya yi shi da kyau.

Ku fahimce ni. Ban ce fasta ce ta kawo 'yan bindiga ba. Wanda ya ce haka bai san dajin Neja ba. Rikicin makiyaya da manoma, satar shanu, haƙar zinariya, talauci, ƙauyukan da ba su taɓa ganin ofishin 'yan sanda ba, kuɗin fansa da ya zama sana'a, waɗannan su ne tushe, kuma babu tawadar da za ta rufe su. 'Yan Turai suna kallon finafinan harbi iri ɗaya da na Amurkawa, ba sa kashe juna kamar su. Ban kuma ce a daina rufe abin da muke rufewa ba. Ina da 'ya'ya mata biyu, kuma in aka sake ba ni alƙalamin nan zan sake ɗinka rigunan. Ba na neman gwamnati ta kafa wata sabuwar hukuma ta bi shaguna, don na ga yadda irin wannan iko ke ƙarewa a kan talaka mai ƙaramin jari, babba yana wucewa abinsa.

Abin da nake cewa, jerin abubuwan da muke jin kunyarsu an tsara shi ne lokacin da bindiga a wurinmu abin cikin talabijin ce. A 2001 yaron Limawa bai taɓa jin ƙarar harbi ba sai a kaset, ko ranar hawan sallah in 'yan bindigar sarki sun buga ta gargajiya. Komando wasa ne. Yau a ajin da nake koyarwa akwai yaran da suka san bambancin ƙarar bindiga da bindiga, kuma ba a fim suka koya ba. Ingilawa sun sake duba bangonsu bayan Dunblane. Jamusawa sun sake duba nasu bayan yaƙi. Mu an kwashe mana makaranta biyu cikin wata huɗu, bangonmu yana nan yadda dattijon nan ya bar shi shekara 20 da suka wuce.

Kuma bangon yanzu ya wuce na shago, yana cikin aljihun kowa. Mutumin da in 'yarsa ta saka hoto ba mayafi zai kwana bai ci abinci ba, shi ne zai tura bidiyon gawarwakin mutanen ƙauye a zauren WhatsApp mai mutum 200, fuska a buɗe, wani lokaci ma tsirara, ya rubuta innalillahi a ƙasa ya ga ya yi aikin lada. Ba ya tunanin gawar nan uban wani ce, kuma ɗan yana iya kasancewa a zauren. 'Yan bindiga da kansu suna fitowa a TikTok suna baje makamai da damman kuɗi, yaranmu na bi suna kallo, mu manya muna turawa juna muna cewa ku ga ikon Allah. Talla ce muke yi musu kyauta, irin wadda Yaya ke yi wa Rambo a inda rana ke haskawa. Ni ma na tura irin wannan, ba sau ɗaya ba, kafin ranar Asabar ɗin nan.

Bayan kwana biyu na koma shagon ni kaɗai. Mai shagon matashi ne, bai fi shekara 25 ba. Na gaishe shi, na gaya masa ni ma ɗan sana'ar ne a da, na ba shi labarin yaron. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Malam, wallahi ban taɓa kawo wannan a raina ba. Amma in na cire ta, na gaba da ni bai cire ba, kasuwa ta koma can." Ban da amsa, don abin da Bafaranshe ke faɗa ke nan, kuma gaskiya ne. Muka rabu a kan zai mayar da ita ciki ya rage ƙarar lasifika. Ya yi hakan. Bayan wata ɗaya na wuce na ga wata sabuwa a wurin, ta fi ta farko girma.

Yaya yanzu kayan masarufi yake sayarwa a Bosso, gemu ya yi fari. Ran Lahadi na je gaishe shi na ɗauko masa zancen, har da na Eva Green da na lofen Bafaranshe. Ya yi dariya har da tari. Da na zo kan yaron Inna sai ya daina. Na ce, "Yaya, me ya sa ba ka taɓa cewa in shafe bindigar ba?" Ya ce, "Wa ya ce mini in shafe? Baba Liman bai ce ba, kai ma da idonka ba ka ce ba." Ya juya ya auna wa wata yarinya sukari, ya ƙulle ledar, ya ba ta canji. Sannan ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Yaron yana magana yanzu?"

Na ce yana yi, kaɗan-kaɗan. Sun koma Kagara wurin wani kawunsu, an sa shi a makaranta. Inna ta ce har yanzu in an kunna fim a gidan, tashi yake ya fita waje.